Hoton Yaƙi da Mutuncin Wanda Aka Ɗauka

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Saboda haka mai ɗaukar hoto a fagen yaƙi ganau ne, mu kuwa da ke nesa jiyau ne, sai abin da ya kawo mana. In haka ne, ya kamata mu auna aikinsa kamar yadda ake auna shaida a gaban alƙali. Ya faɗi gaskiya? Ya faɗe ta duka? Ya bar wa wanda ya ɗauka mutuncinsa? Bari mu duba aiki iri biyu da wannan ma'auni, ɗaya daga ƙasar Yukren, ɗaya daga Barno.

Ran 24 ga Fabrairu 2022 sojojin Rasha suka auka wa Yukren. Ba da daɗewa ba suka kewaye Mariyupol, birnin da ke bakin teku, mai mutane fiye da 400,000. 'Yan jaridar waje suka fita, sai 'yan Yukren uku masu yi wa kamfanin labarai na AP aiki suka tsaya: Evgeniy Maloletka, da Mstyslav Chernov, da Vasilisa Stepanenko. Ran 9 ga Maris bom ya faɗa wa asibitin haihuwa. Nan Maloletka ya ɗauki hoton da duniya ta sani. Waɗansu maza suna ɗauke da mace mai tsohon ciki a kan abin ɗaukar majiyyaci, suna ratsa ɓaraguzai, hannunta yana kan cikinta, hayaƙi yana tashi a bayansu. Jaririn bai zo da rai ba, ita ma ta rasu. A 2023 aka zaɓi hoton a matsayin hoton jarida na shekara a gasar World Press Photo.

Mutumin ƙasarmu zai ce, ina kunya? A wurinmu haihuwa abin sirri ce, ko miji ba ya leƙa ɗakin. Yaya za a nuna wa duniya mace cikin irin wannan hali, ba a kuwa nemi yardarta ba? Tambayar tana da nauyi, ban raina ta ba. Amma ga abin da ya biyo baya. Hukumomin Rasha suka ce asibitin sansanin mayaƙa ne, suka kuma ce wata mai ciki da aka ɗauka tana saukowa daga bene 'yar wasan kwaikwayo ce. Ba a jima ba matar nan ta haifi 'ya mace. Da ba don hotunan ba, da maganar ta zama ka-ce-na-ce, mai ƙarfi kuwa shi zai rinjaya. A ganina Maloletka ya yi daidai, gama ya tsaya shaida ga wadda ba ta da bakin kare kanta.

Duk da haka hoto ɗaya ba ya ɗauke gari. Wanda ya san Mariyupol ta wannan hoto kaɗai zai zaci mutanenta ba su da wani aiki sai mutuwa. A nan fim ɗin Chernov mai suna 20 Days in Mariupol, wato kwana ashirin a birnin, wanda ya ci kyautar Oscar a 2024, ya cike giɓi. Ana ganin likitoci suna fama da kayan aiki kaɗan, iyalai suna zaune cikin ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, mutane suna neman inda za su sa wa waya wuta. Waɗansu sun zagi masu ɗaukarsu, ba a kuwa yanke zagin ba. Waɗansu sun roƙa a ɗauke su domin danginsu na nesa su san suna da rai. Wannan ya fi burge ni, domin an bar mutane su yi magana da bakinsu.

Yanzu mu dawo kusa da gida. Tun 2009 rikicin Boko Haram ya sa in an ce Maiduguri sai a tuna da bom da gawa. Fati Abubakar, 'yar garin wadda ta koyi aikin jinya, ta ga an rage garinsu ya zama wannan kurum. A 2015 ta soma sa hotuna a Instagram da sunan Bits of Borno. Ta ɗauki 'yan makaranta, da 'yan kasuwa, da masu biki cikin ado, da yara masu wasa, sau da yawa kuma takan rubuta abin da mutumin ya faɗa mata. Ƙarfin aikinta shi ne mutanen suna duban ta ido da ido, sun san ana ɗaukarsu, sun shirya. Haɗarinsa kuwa, mai mulki yana iya ɗaga hoton yaro mai murmushi ya ce, kun gani, lafiya ta samu. Abin da ya tsare ta daga wannan shi ne ta shiga sansanin 'yan gudun hijira ma, ba ta ɓoye rashi da maraici ba. Ita ta fara daga rayuwa ta kai ga ɓarna, su Chernov sun fara daga ɓarna suka kai ga rayuwa. Dukansu sun gane shaida rabi tana iya ɓad da mai ji.

Mu a Malanville mun ɗanɗani wannan. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka rufe gadar da ta haɗa mu da Gaya. Hotunan da suka fita duniya su ne na manyan motoci jere a hanya, da na jiragen kwale-kwale cike da mutane a kogin Kwara. Gaskiya ne, haka aka yi. Amma ɗan dakon da ya wuni bai ɗauki ko buhun albasa ɗaya ba fa? Mai tuwon da direbobi suka ci bashinta fa? Su ma labarin ne. A Afrilu 2025 kuma gwamnati ta ce sojoji 54 sun mutu a harin gandun dajin W, cikin jiharmu ta Alibori. Wato abin da muke kallo daga nesa ya matso.

Ya mai karatu, yau duk mai waya mai ɗaukar hoto ne. Kafin ka ɗauka, nemi izini in da hali. Rubuta rana da wuri, domin hoto marar kwanan wata makamin maƙaryaci ne. In an aiko maka da hoton gawa ta WhatsApp, ka tuna tana da uwa, wataƙila ma ba a kai mata labari ba tukuna. In kuwa ka ɗauki rusasshen gida, juya ka ɗauki matar da ke share ƙofarsa, ka tambaye ta abin da take so a sani.