Gardamar 'Yan Kallo a Kan Wasan Super Fly

A cikin watan Agusta na 1972 aka fara nuna wani wasan sinima a birnin Niyu Yok na ƙasar Amurka, ana ce da shi Super Fly. A bakin samarin baƙar fata na can, wannan suna yana nufin abin da ya kai matuƙa wajen kyau da ado. Kuɗin da aka ɓatar wajen shirya shi bai kai dala 500,000 ba, amma ya jawo miliyoyi, ya kuma jawo gardama wadda ta raba baƙaƙen Amurka biyu. Waɗansu suka ce wannan wasa ya ɗaga musu kai, waɗansu suka ce guba ce aka zuba wa 'ya'yansu cikin zuma. Abin da ya sa gardamar ta cancanci a duba ta shi ne, dukansu abu ɗaya suka kalla, kuma babu wanda ya yi ƙarya a kan abin da ya gani.

Ga yadda labarin yake. Akwai wata unguwa a Niyu Yok mai suna Harlem, wadda baƙar fata suka cika tun lokacin da suka yi ta ƙaura daga jihohin kudu suna neman aiki. A nan wani saurayi yake, ana kiransa Priest, sana'arsa sayar da hodar ibilis. Yana da mota ƙirar Cadillac wadda duk inda ta gifta sai an waiwaya, yana da tufafi na ƙasaita, da yara masu yi masa talla a tituna. Amma zuciyarsa ta gaji, ya ga ƙarshen wannan hanya ko kabari ko kurkuku. Sai ya yi shawara da abokin cinikinsa Eddie, su ɗauki dala 300,000 da suka tara, su sayi hoda kilo 30, su sayar cikin wata 4 su sami dala miliyan 1, su raba, shi ya wanke hannunsa. Da suka shiga neman kayan, ashe babban dillalin da ke bisa kowa ba wani ba ne illa mataimakin kwamishinan 'yan sanda, farar fata, mai suna Reardon. Shi kuwa ba ya son mai kawo masa riba ya bar aiki. Eddie ya ci amanar abokinsa, 'yan sanda suka kama Priest suka kai shi bakin ruwa gaban maigidansu. Nan ya buge su, sa'an nan ya gaya wa Reardon ya riga ya biya waɗansu makasa, in wani abu ya same shi za su gama da Reardon da iyalinsa duka. Ya shiga motarsa ya tafi, kuɗinsa kuwa budurwarsa Georgia ta riga ta fice da su.

A daidai nan gidajen sinima suka riƙa ɓarkewa da tafi da sowa. Wanda bai san tarihin mutanen ba zai yi mamaki, yaya jama'a za su yi wa mai sayar da guba tafi? Sai a tuna abin da idonsu ya saba gani. Shekara da shekaru, in baƙar fata ya fito a wasan Holiwud, bara ne, ko kuku, ko wawan da ake yi wa dariya. Mace baƙa ta farko da ta ci lambar Oscar, Hattie McDaniel, a 1940 ta ci, kuma a matsayin baiwar gida ta fito. Daga baya Sidney Poitier ya zo, ya ci tasa lambar a 1964, mutum mai kamala da haƙuri. Amma samari da yawa suka ga haƙurin ya yi yawa, kamar an zana shi ne don hankalin fararen ya kwanta. A waje kuwa gari ba lafiya. An yi tarzoma a Harlem a 1964, a Watts a 1965, a Ditiroyit a 1967, sa'an nan aka harbe Martin Luther King a 1968. Mutumin da ɗan sanda ya taɓa tsayarwa ya lalube shi a gaban 'ya'yansa, ya zo ya biya kuɗi ya zauna, ya ga baƙi ɗan'uwansa ya gaya wa shugaban 'yan sanda magana ido da ido ya tafi lafiya, to, ba hodar yake yi wa tafi ba. Wani tsohon ƙulli ne ya kwance masa a ƙirji.

Masu wannan ra'ayi suna da wata hujja kuma, mai ƙarfi. Suka ce wasan bai ƙaga kome ba a kan 'yan sanda. A 1970 magajin garin Niyu Yok, John Lindsay, ya kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Whitman Knapp, aka yi ta sauraron shaidu, har da wani ɗan sanda mai suna Frank Serpico. Rahoton da ya fito a ƙarshen 1972 ya tabbatar cin hanci ya yi katutu a cikin 'yan sandan birnin, musamman masu kula da sha'anin ƙwaya. A cikin wannan watan Disamba ne kuma aka gane an sace tulin hodar da aka kama aka ajiye a ma'ajin 'yan sanda, an zuba gari a madadinta. Watau abin da ɗan kallo na Harlem ya gani a bango cikin Agusta, hukuma da kanta ta rattaba masa hannu cikin Disamba.

Sai ɓangare na biyu, su kuwa yawancinsu iyaye ne, da malaman makaranta, da limaman coci, da shugabannin jam'iyyun neman haƙƙin baƙar fata. A cikinsu akwai Junius Griffin, shugaban reshen ƙungiyar NAACP na Holiwud, wanda a 1972 ya ƙago wa irin waɗannan wasanni suna, blaxploitation, ya gama kalmomin Turanci biyu, ɗaya baƙi, ɗaya ci da gumin wani. Ƙungiyoyi suka haɗu suka kafa gamayya don yaƙi da su. Wani likitan ƙwaƙwalwa na jami'ar Harvard, Alvin Poussaint, shi ma baƙi, ya yi rubutu a 1974 yana gargaɗi a kan abin da wasannin ke dasawa a zuciyar yara. Ƙarar da suka kai ita ce, da can an nuna baƙi bara ne, yanzu an nuna shi dillalin ƙwaya ne da kawali, an dai sake masa riga ne kurum. Suka ƙara da cewa a dubi inda kuɗin ke tafiya: gaskiya ne Gordon Parks ƙarami, wanda ya shirya wasan, baƙi ne, haka marubucinsa Phillip Fenty, haka yawancin ma'aikata, amma mai ɗaukar nauyinsa, Sig Shore, fari ne, kamfanin Warner da ya rarraba shi kuma na farare ne. (Abin dariya, Sig Shore ɗin nan shi ne da kansa ya fito a matsayin Reardon.)

'Yan wasan suka mai da martani da zafi. Ron O'Neal, wanda ya fito a Priest, gwanin wasan dandamali ne tun kafin sinima ta san shi, ya yi ta faɗi cewa labarin na mutumin da ke neman fita ne, ba na mai neman shiga ba. Waɗansu suka ce shekara nawa baƙi na zaune babu aiki a Holiwud, yanzu da ƙofa ta buɗe sai 'yan'uwansu ne za su rufe ta?

To, a nan ne ya kamata a bar sauraron masu gardama a koma ga wasan kansa, gama shi ne shaida. Maganar Ron O'Neal gaskiya ce in an bi abin da baki ya faɗa. Priest ya ce ya gaji, ya ce yana son ya zaɓi abin da zai yi da ransa. Eddie kuwa ya ba shi amsa mai ɗaci, ya lissafa masa kayan daɗin da suka tara, ya ce wannan ita ce kaɗai sana'ar da farar fata ya bar musu. Wannan zance na Eddie shi ne wuri mafi nauyi cikin wasan duka, kuma Carl Lee ya yi shi da gwaninta, har mai kallo ya rasa wanda zai ba gaskiya. Amma sinima ba da kunne kaɗai ake shanta ba. Ido yana ganin motar nan tana tafe a hankali kamar sarki ya fito kilisa, yana ganin doguwar kwat da malafa mai faɗi, da ɗan cokalin shaƙar hoda rataye a wuya. Baki yana cewa a fita, hoto yana cewa a shigo, yaro ɗan shekara 15 kuwa an san wanda zai bi. Ba a daɗe ba aka ga samari a birane sun miƙar da gashinsu irin na Priest, sun sa irin tufafinsa. Wani ɗan jarida, Nathan McCall, wanda ya yi zaman kurkuku kafin ya shiryu har ya yi aiki a jaridar Washington Post, ya ba da labari a littafin tarihin rayuwarsa na 1994 yadda wasan nan ya ɗauke hankalinsa da na tsararrakinsa a jihar Bajiniya, har sayar da ƙwaya ta zama abin sha'awa a wurinsu. Wannan shaidar ɗan kallo ce, ba ta mai wa'azi ba.

Akwai wuri guda da laifin ya fito fili. Lokacin da aka shiga sayar da kilo 30 ɗin, sai aka jera hotuna marasa motsi, ana nuna yadda ake auna hodar, ana ƙullawa, ana miƙawa. Masu saye kuwa ga su nan iri iri, fari da baƙi, mai kwat da lebura, kowa yana shaƙa fuskarsa a sake. Babu wanda ya rame, babu wanda ya sayar da kayan ɗakin uwarsa. Kilo 30 giram 30,000 ke nan tun ba a gauraya ta da kome ba, kuma kowane giram cikin hancin ɗan wani zai shiga. 'Yancin Priest da wannan aka saye shi, amma wasan bai tsaya ya ƙirga ba. Mashayan da aka nuna cikin wahala su ne biyun nan na farkon wasa da suka yi masa ƙwace, su ma an nuna su ne don a ga yadda ya bi ɗaya da gudu ya lakaɗa masa duka. Haka kuma Freddie, wani yaronsa mai ƙiba marar zafin hali, da ya kasa biyan bashi, Priest ya ce masa in bai kawo kuɗi ba zai tura matarsa karuwanci. Tsoron wannan ya sa Freddie ya shiga fashi, daga baya ya faɗa hannun 'yan sanda, ƙarshe mota ta take shi. Priest bai yi nadama ko sau ɗaya ba. Tsoro ne ya kore shi daga sana'ar, ba tausayi ba.

Mutum ɗaya ne cikin masu aikin ya yi makokin Freddie, shi ne Curtis Mayfield, mawaƙin Shikago da aka ba aikin kiɗan wasan. Waƙoƙinsa ba su bi hoton ba, gardama suke yi da shi: inda hoto ke yabon dillali, waƙa tana tona abin da dillali yake yi wa mutanensa. Sai dai ga wani abu da masu kare wasan kan manta. Waƙar da ya yi a kan mutuwar Freddie, wadda ta fi sauran zafin gargaɗi, kiɗanta kaɗai aka sa a cikin wasan, ba a sa baitocinta ba. Wanda ya sayi faifan ya ɗora a garmaho a gida, shi ya ji gargaɗin. Faifan kuwa ya hau kan dukan faya-fayan Amurka a 1972. Saboda haka in an ji mutum biyu suna musu, ɗaya yana cewa Super Fly horo ne, ɗaya yana cewa talla ce, ya kyautu a tambaye su wa ya fi sauraron faifai, wa ya fi zama gaban bango.

Masu neman a hana wasan sun yi kuskure da suka ce ya yi wa Harlem ƙazafi, gama a titunanta aka ɗauke shi, da dattinsu da sanyinsu, har motar ma ta wani kawalin unguwar ce na gaske, wanda aka ba ɗan wuri ya fito a ciki. Don wannan gaskiyar ne, da kiɗan Mayfield, ɗakin karatu na majalisar Amurka ya sa shi cikin wasannin da za a adana a 2022. Amma masu cewa 'yan kallo sun je ne don su ga mutum ya tuba, su ma akwai abin da ke ƙaryata su. A 1973 Ron O'Neal ya shirya na biyu da kansa, Super Fly T.N.T., Alex Haley ya rubuta. A ciki Priest ya bar hoda, yana zaune a birnin Rum, har ya shiga taimakon waɗansu 'yan Afirka masu yaƙin neman 'yanci da makamai, aka ɗauki wani sashe a ƙasar Senegal. Jama'ar da suka yi layi a bara ba su komo ba, wasan ya faɗi a kasuwa.