Gurasar Rogo ta Mutanen Garifuna

A gaɓar tekun Karibiyan, tun daga ƙasar Beliz, a biyo ta Gwatamala da Honduras har a dangana da Nikaragwa, akwai wata al'umma baƙar fata da ake kira Garifuna, wadda galibin masu labarinta ta hanyar kiɗa da rawa suka san ta, musamman tun daga shekarar 2001 da hukumar UNESCO ta shigar da harshensu da waƙoƙinsu da raye-rayensu cikin manyan kayan gadon 'yan Adam. Amma a ganina, duk mai neman sanin abin da ya riƙe mutanen nan fiye da shekara 200 a ƙasar da ba ita ce asalinsu ba, ya kamata ya ɗan jinkirta zuwa dandalin rawa, ya zagaya bayan gida inda mata suke aikin rogo, domin a can ake yin wata gurasa fara, mai faɗi da tauri, wadda suke kira ereba, kuma a cikin yinta akwai ilmi da tarbiyya waɗanda ganga ba za ta iya bayyana su ba.

Asalinsu tsibirin Sant Binsent ne, wanda su suke kira Yurumein, inda 'yan Afirka da suka tsira daga jiragen bayi, ko suka gudo daga gonakin Turawa na tsibiran maƙwabta, suka cuɗanya da 'yan asalin wurin, wato Karib da Arawak, aka yi auratayya har aka zama jinsi guda. Bayan yarjejeniyar Paris ta 1763 ta miƙa tsibirin ga Ingila, sai Turawa suka ɗora ido a kan filayensu don noman rake, aka gwabza yaƙi har sau biyu, kuma a na biyun ne aka kashe shugabansu Satuye cikin watan Maris na 1795. Da aka ci su, sai aka tattara mutum fiye da 4,000 aka tsare a wani ƙanƙanen tsibiri mai suna Baliso, inda yunwa da annoba suka cinye kimanin rabinsu. Sauran kuwa aka zuba su a jiragen ruwa, aka sauke su a tsibirin Rowatan, daura da Honduras, ranar 12 ga Afrilu, 1797. Ruwayarsu ta baka ta ce mata sun ɓoye irin rogo a cikin tufafinsu har suka ƙetare da shi. Ko ba a samu wannan a takardun Turawa ba, ya isa hujja a kan abin da al'ummar ta ɗauka shi ne mafi tsada cikin duk abin da ta fito da shi.

Rogon da ake yin ereba da shi mai ɗaci ne, wanda in aka ci shi ɗanye yana iya kisa, saboda haka aikin duka, daga farkonsa har ƙarshensa, dabara ce ta raba abinci da guba. Tun da asuba mata suke fita gona su tono shi, su ɗauko a kwanduna, a feƙe, a wanke, sa'an nan a zo kan magurji, wato wani faffaɗan katako da aka dasa wa ƙananan duwatsu masu kaifi, wanda suke kira egi. Mata da yawa sukan sunkuya a kan magurzansu a lokaci guda, suna gurzawa suna rera waƙa, kafaɗu na tafiya tare da amon waƙar. In an gama, sai a ɗura gurzajjen rogon cikin ruguma, wani dogon saƙaƙƙen kwando siriri mai siffar maciji, wanda tsawonsa ya ɗara na mutum. A rataye kansa a jikin reshe ko azara, a zura sanda a madaukin gindinsa, mace ta hau sandar ta zauna, nauyinta ya miƙar da kwandon, saƙar ta tsuke, ruwan gubar ya riƙa tsiyaya cikin mazubi. Washegari a marmasa abin da ya rage, a tankaɗe a rariya, a baza garin a kan faffaɗan kasko mai zafi, a lallaɓa shi har ya haɗe ya zama faifai guda, ba gishiri, ba mai, ba yisti. Ko ruwan da aka matse ba ya zama asara, don sitaci yakan kwanta a ƙasansa, shi kansa kuma in an tafasa shi ƙwarai gubar takan fita a yi miya da shi.

Abu na farko da mai hankali zai lura da shi a nan shi ne, babu matakin da ake tsallakewa. Macen da ta gaji ta gajarta matsa, iyalinta ne za su biya diyya, kuma wannan ba zato ba ne, gama a wasu sassan Kwango da Mozambik, inda fari ko yaƙi ya tilasta wa mutane cin rogon da bai gama tsiyaya ba, an ga cutar shanyewar ƙafafu da ake kira konzo. Ashe yarinyar da ta tashi a gindin ruguma tana koyon amana ne tun kafin ta san kalmar, tana kuma koyon cewa haƙuri wani rukuni ne na sana'a, ba ado ba. Rogo dai ɗan asalin nahiyar Amurka ne, 'yan Fotugal suka kawo shi Afirka, kuma garin kwakin da muke jiƙawa ta wannan hanya ta gurzawa da matsewa da toyawa yake zuwa hannunmu, sai dai su Garifuna sun gaji hikimar kai tsaye daga kakanninsu mata na Arawak, kamar yadda suka gaji tushen harshensu daga gare su.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne aikin ya fi ƙarfin mace ɗaya, don haka dole yau a taru a gidan wannan, gobe a gidan waccan, maza kuma su ne da sarar gona da saƙar kwandon. Waƙoƙin gurza, kamar waƙoƙin niƙa na matanmu na da, nan ne mace take faɗin abin da ba ta iya faɗa a zaune: mijin da ya tafi aikin jirgin ruwa ya yi shiru, ɗan da ya rasu, maƙwabciyar da ta ci amana. Da yake al'umma ce da mazanta suka daɗe suna ci-rani a sansanonin yankan katako da gonakin ayaba da jiragen ruwa, sai ya zama a wannan majalisa ce harshe ya sami mafaka, yara suna jin sa daga bakin iyaye mata alhali makaranta da coci da hukuma duk Ingilishi ko Sifaniyanci suke yi. Gurasar kuma takan yi watanni ba ta lalace ba, guzuri ne na masunci da matafiyi, ana cin ta da romon kifi da aka dafa da madarar kwakwa.

Ereba tana shiga har cikin bikinsu na dugu, wanda ake tara dangi na kusa da na nesa kwana da kwanaki, ƙarƙashin jagorancin wani da suke kira buyei, a ajiye wa magabata abinci don neman yardarsu. Aƙidar da ke ƙarƙashin wannan ba tamu ba ce, kuma Musulmi ba zai karɓe ta ba; amma adalci ya sa a faɗa cewa bikin ba ya yiwuwa sai zuriya ta sasanta saɓaninta ta haɗu, kuma sada zumunci abu ne da muka san girmansa.

Yau injin gurza ya shiga garuruwa da yawa, ya ɗauke wa mata wahalar da ba wanda ya isa ya ce su koma mata don marmarin gargajiya, ko da yake inda inji ya yi ƙara waƙar gurza takan yi shiru. Samari da 'yan mata kuma sun yi ƙaura da yawa zuwa Amurka, musamman unguwar Bronx ta birnin Niyok. Amma babbar musibar ita ce ta ƙasa. A Honduras masu otal-otal na 'yan yawon buɗe ido da masu gonakin kwakwar manja suna ta cin filayen gaɓar teku, har ta kai a shekarar 2015 kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasashen nahiyar Amurka ta yanke hukunci cewa gwamnatin ƙasar ta tauye haƙƙin mutanen Triunfo de la Cruz da Punta Piedra a kan filayen kakanninsu. Lambar girma ta 2001 ta ambaci harshe da kiɗa da rawa, amma rogo a gona yake fita, kuma gwamnatin da ta yi alfahari da gangunan Garifuna a gaban baƙi alhali ta bari ana ƙwace gonakin matansu, ba ta kiyaye al'adarsu ba.