Jinjina ga Masu Shata Burtali

Tun shekarar 2000, a Amurka ake wasan ɓoye kaya a nemo su da na'urar GPS, wasu ma har zane suke yi da sawun tafiyarsu a kan taswira. Mu a Agye, Gazawa da Gidan Rumji, zanen da na'urar nan ke mana shi ne na burtali.

Ina jinjina wa wakilan hukumomin filaye, waɗanda dokar karkara ta 1993 ta kafa. Ka gan su da rani, ƙafa duk ƙura, ga mai gari, ga ardo, ga manomi. Dattijo ya nuna tsohuwar bishiyar gawo ya ce nan iyaka take tun kaka da kakanni, mai na'ura ya tsaya ya danna, a rubuta lambobin wurin, daga baya a kafa turken siminti. Haka ake bi, taki-taki, har mashaya a bakin gulbi.

Wanda ya tuna jinin da aka zubar a rikicin manoma da makiyaya a Toda a 1991 ya san darajar wannan wahala. Garke ya wuce, gero na tsaye, kowa ya kwana lafiya.