Rubutun Hannu da Ɗab'i: Daga Bi Sheng Zuwa Tsangayun Rogo

A tsangayun ƙasar Rogo da Karaye har gobe da allo ƙolo yake farawa. Ya feƙe alƙalamin gamba, ya tsoma a tawadar zuge, ya rubuta, ya haddace, ya wanke. Takarda sai karatu ya yi nisa, lokacin da alaramma zai zauna ya rubuta Alƙur'ani da ka, a ruwayar Warshu, baƙi da baƙar tawada, wasali da ja, hamza da rawaya.

Ita takardar daga nesa ta fito. A shekarar 105 wani bafaden Sin, Cai Lun, ya gabatar wa sarki takardar da ya haɗa da ɓawon itace da tsummoki da tsohuwar komar su. Sana'ar ta bi ta Samarkanda da Bagadaza, ta kai Turai, har takardar Italiya mai tambarin wata uku ta riƙa ƙetare Sahara zuwa kasuwar Kurmi.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne labarin Bi Sheng. Wajajen 1040 wannan talaka ya sassaƙa haruffa ɗaiɗai a yumɓu, ya gasa su, ya jera a farantin ƙarfe da aka shafa wa ƙaro da kakin zuma da tokar takarda. In an gama bugu, a ɗumama farantin, haruffa su saki, a sake jera wani shafi. Ba don Shen Kuo, masanin taurari da lissafi, ya rubuta wannan a littafinsa na 1088 ba, da sunan Bi Sheng ya ɓace. Dabarar Bi Sheng ta riga irinta ta Gutenberg na Jamus da shekara ɗari huɗu.

Duk da haka Sinawa ba su rungumi dabarar sosai ba, suka ci gaba da sassaƙa shafi guda a katako. Haruffansu dubbai ne, gaskiya, amma akwai wani dalili: a wurinsu rubutu da zane ɗanjuma ne da ɗanjummai, buroshi ɗaya, tawada ɗaya, kuma katako yana kwafe hannun marubuci yadda yake.

Mu ma haka aka yi. An fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, boko ya samu injinsa. Amma almajirin da ya saba da rubutu irin na Kano, mai kauri da tsayayyun baƙaƙe, bai sake da bugun Misira ba, don ko ɗigon fa da ƙaf ba wuri ɗaya suke ba. Bugun da ya karɓu a tsangaya shi ne wanda ake ɗaukar hoton shafin da gwani ya rubuta, a buga shi dubbai, da zayyanarsa da komai. Ta haka hannun Sharif Bala Gabari ya shiga jakar almajirai a Nijeriya da Nijar, warƙa-warƙa ba ɗinki, yadda malam zai zare shafi ɗaya ya miƙa wa yaro ya kwafa a allo.