Littafin Karatu da Yaron Ƙasar Bakalori

Karatu abu biyu ne, watau furta baƙi da fahimtar abin da baƙin ya ce. Yawancin littattafan farko na Hausar boko sun fi ƙarfi wajen na farin. Yaro a Bakura yakan bi layi da yatsa ya rera shi sarai, amma in aka tambaye shi dalilin abin da ya auku cikin labarin, sai ya yi shiru.

Laifin ba na yaron kaɗai ba ne. Daidaitacciyar Hausa ta ginu bisa karin Kano, shi kuwa ɗan Talata Mafara ya tashi yana cewa mi, hwara, ya zaka, alhali littafi yana ce masa me, fara, ya zo. Bambancin kaɗan ne ga babba, amma ga mai shekara shida tuntuɓe ne. Sa'an nan ga maganar abin da labarin ya ƙunsa. Tun da aka gama madatsar ruwan Bakalori a 1978, noman rani ya shiga rayuwar mutanen Mafara da Bakura da Maradun. Yaron da ya san ban ruwa da dashen shinkafa ba zai rasa bakin magana ba in labari ya faro daga nan.

Abubakar Imam ya gane asirin riƙe mai karatu. Cikin Magana Jari Ce, wanda ya fito tsakanin 1937 da 1939, kowane labari yana da sanadi da sakamako, har yaro ya ƙosa ya ji ƙarshe. Sai dai jimlolinsa sun yi wa ƙananan azuzuwa tsawo.

Shirin RANA, wanda aka soma a Katsina da Zamfara a 2015, ya kawo gajerun littattafai da labaran da malami zai karanta a bayyane, ya bi su da tambayoyi. Lalle wannan gyara ne, amma amfaninsa yana ga irin tambayar. Wadda amsarta ke kwance cikin layi ido kawai take gwadawa, wadda ta ce “don me” ita ke ta da hankali daga barci.

A 2021 an rufe makarantun jihar bayan sace ɗalibai a Jangebe da Kaya. Inda zuwa makaranta ba shi da tabbas haka, yaron da ya fahimci abin da ya karanta shi ne zai iya ci gaba da littafinsa a gida.