Allon da Ya Cika Surutu

Masu tsara manhajar ɗakin sarrafa injina suna da wata tsohuwar ɗabi'a: duk abin da na'ura ta auna sai an kawo shi gaban injiniya. A da tsada ce ke hana wannan ɗabi'a yin ƙamari. Kowace ƙararrawa tana buƙatar waya da fitila da gurbi a jikin bango, don haka sai an yi mahawara kafin a ƙara guda. Da kwamfuta ta karɓi aikin a ƙarshen shekarun 1970, ƙara ƙararrawa ya koma ɗan latse-latse a allo, ba ko kwabo. Daga nan aka saki linzami.

Tun kafin kwamfutar ta gama shiga, tashar nukiliya ta Three Mile Island a jihar Pennsylvania ta Amurka ta nuna inda aka dosa. Da misalin ƙarfe 4 na asubahin 28 ga Maris, 1979, wani bawul mai rage matsi ya buɗe ya ƙi rufuwa, ruwan sanyaya tukunyar nukiliyar yana tsiyayewa. Fitilar bawul ɗin ta mutu, ma'aikata suka ɗauka ya rufe. Ashe fitilar ba halin da bawul ke ciki take nunawa ba, umarnin da aka aika masa kawai take nunawa. Cikin 'yan mintuna ƙararrawa fiye da 100 suka ɗauki kuka, wata takardar gyara da aka rataya ta rufe fitilar wani bawul na daban, na'urar buga rahoto kuma tana can baya tana rarrafe. Sai bayan sama da awa 2 wanda ya shigo karɓar aiki ya gano matsalar. Don Norman, ɗaya daga cikin masanan da suka duba ɗakin, ya ɗora yawancin laifin a kan tsarinsa, ba a kan mutanen da ke ciki ba, kuma wannan ra'ayi ne ya ratsa littafinsa na 1988 kan tsara kayan amfanin yau da kullum.

Ba a ji kunne ba. A Yulin 1994 matatar man Texaco da ke Milford Haven a Birtaniya ta yi bindiga, mutum 26 suka jikkata. Bincike ya nuna a mintuna 11 na ƙarshe ma'aikata biyu sun fuskanci ƙararrawa 275. Wa zai karanta wannan, balle ya yi tunani a kai? Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Nan ma allo ya nuna wani bawul a buɗe alhali a rufe yake.

Gyaran da ya biyo baya ragi ne. Ƙa'idar EEMUA 191 ta 1999 ta ce a lokacin lafiya kada ƙararrawa ta kai ɗaya a mintuna 10, in rikici ya tashi kuma kada ta wuce 10 a mintuna goman farko. Ƙa'idar ISA-101 ta 2015 ta zo bayan wani salo ya kankama: bangon allo ruwan toka, a ajiye ja da rawaya sai an shiga matsala, a daina zanen famfo mai juyawa da harshen wuta mai rawa. Maimakon lamba tsirara, a nuna ta cikin iyakar da ya kamata ta tsaya, da layin da ke faɗin sama take yi ko ƙasa.

Ina tare da wannan salo, amma sau da yawa launin kaɗai ake kwaikwaya. Fentin toka aikin mako guda ne. Zama da tsofaffin ma'aikata a bi ƙararrawa dubu biyu ɗaya bayan ɗaya, a tambayi kowace me ake so mutum ya yi in ta yi kuka, wannan aikin watanni ne, kuma ba mai son sa hannu a cire wadda za a iya tuhumarsa a kanta gobe. Shi ya sa nake ganin cika allo da komai hanya ce ta zame wa alhaki: mai tsarawa ya ƙi yanke hukunci a ofis da rana, ya bar wa mai aikin dare.

Shirun ma yana da nasa haɗarin. Ranar 14 ga Agusta, 2003, manhajar ƙararrawa ta kamfanin wutar lantarki na FirstEnergy a Ohio ta sandare, kuma babu abin da ya sanar da hakan. Ma'aikata suka kwashe fiye da awa guda suna kallon allo mai natsuwa, layukan wuta suna katsewa a waje, har duhu ya rufe mutum kusan miliyan 50 a Amurka da Kanada.