Shata Iyaka ko Sakin Ruwa? Sharhi a kan Ƙudurin Kashi 30 da Fadamar Haɗeja-Nguru

1.0 Gabatarwa

A watan Disamba na 2022, ƙasashen duniya suka yi taro a Montreal ta Kanada, suka amince da wani tsari na ceto halittu daga ɓacewa. Ƙuduri na 3 na wannan tsari ya nemi a keɓe kashi 30 cikin 100 na doron ƙasa da ruwaye a tsare su kafin 2030. Manufar wannan takarda ita ce a auna wannan ƙuduri da ma'aunin wuri guda, watau fadamar Haɗeja-Nguru, a ga ko keɓewa kaɗai ta isa ta raya wuri irin wannan.

2.0 Abin da ke Raya Fadamar

Fadamar tana shimfiɗe inda kogin Haɗeja da na Jama'are suke bazuwa kafin su zama Komadugu Yobe, su nufi tafkin Cadi. Ranta shi ne ambaliyar damina. Ruwa ya malala, kifi ya hayayyafa, a shuka shinkafa. In ya janye a bi danshi da wake, makiyaya su sauko da shanu da rani. Ruwan da ya nutse shi ke cika rijiyoyi, tsuntsayen ruwa kuma su taso daga Turai su yi hunturu a nan. Wuri irin wannan shi ne mafakar talaka a shekarar fari, kamar ta 1973 da ta 1984, sauyin yanayi kuwa sai ƙara masa daraja yake yi.

3.0 Inda Gizo ke Saƙa

Ba a rasa keɓewa a wannan yanki ba. A 2000 aka sa tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin dausayoyin yarjejeniyar Ramsar, a 2008 aka ƙara Baturiya, ga kuma mafakar tsuntsaye ta Dagona. Amma maƙogwaron fadamar yana can Kano. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992. Madatsun nan suka rage ambaliyar damina, suka riƙa sako ruwa da rani domin noman ban-ruwa. Magudanun da ke bushewa a dā suka zauna da ruwa shekara ɗungum, sai ciyawar kacala ta samu gindin zama. Ta haɗu da laka ta toshe hanyoyin ruwa, wasu garuruwa gonakinsu suka nutse, na ƙasa da su suka rasa ruwa. Daɗin daɗawa, jan-baki ya mai da kacala sheƙa, yana cinye wa manoma hatsi.

Duk wannan ɓarna ta auku ba tare da an taɓa iyakar da aka shata ba. Gaskiya ne ƙudurin ya yi maganar kyakkyawar kulawa da haƙƙin mutanen wuri. Sai dai abin da ya fi sauƙin ƙirgawa a kai rahoto shi ne hekta, ba ruwa ba. Ashe ana iya cika lissafin kashi 30 alhali dausayin yana mutuwa. Binciken Edward Barbier da abokan aikinsa a farkon shekarun 1990 ya riga ya nuna cewa, mudu da mudu, ruwan da aka bar wa fadamar ya fi kawo amfani bisa wanda aka karkatar zuwa ban-ruwan Kano.

4.0 Kammalawa

Wannan takarda ba ta ce a rushe madatsu ba, domin birnin Kano na shan ruwansu, manoman Kadawa kuma da su suka dogara. Abin da take cewa shi ne, kada a ƙirga wani dausayi cikin kashi 30 sai an rubuta masa rabonsa na ruwa, da lokacin da za a sako shi daga Tiga da Challawa, masunta da makiyaya da manoma suna zaune a inda ake yanke shawarar. Haka kuma duk wanda ya sake ɗauko maganar madatsar Kafin Zaki, wajibi ne ya tuna kogin Jama'are ne ya rage yana kawo ambaliya yadda Allah Ya tsara ta.